Kilo Huɗun Da Na Ɓoye Wa Nas

Salamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na haihu na yi girman kai, na yafe muku. Ciwon zuciya ne ya kwantar da ni.

Kwana goma da haihuwar Hanifa na fara kasa hawa matakalar benen gidanmu a unguwar Cheetham Hill, nan ƙasar Turawa. In na kwanta sai in ji kamar an ɗora min buhun shinkafa a ƙirji. GP, wato likitar unguwarmu, ta saurari ƙirjina, ta ce in wuce asibiti yanzu-yanzu. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton zuciya. Likita ya ce zuciyata ta yi rauni, ba ta tura jini yadda ya kamata, kuma hakan yakan samu wasu mata bayan haihuwa.

Sau biyu na ga likitan nan. Daga nan aka haɗa ni da wata nas mai suna Helen, wai ita za ta ci gaba da kula da ni.

Ni fa a Kano na tashi. A saninmu nas allura take yi, ta ɗaura ƙarin ruwa, ta jira likita. Wannan kuwa ita ke duba sakamakon jinina, ita ke rubuta magani, ta ƙara wannan ta rage wancan. Na ce wa mijina, "Abban Hanifa, don sun ga baƙar fata ne suka bar ni a hannun nas." Ya ce ƙarin karatu ta yi a kan zuciya, haka tsarinsu yake. Na ce ya riƙe bayaninsa.

Ga ta da tambaya. Wa ke taya ki rainon jaririya? Kina iya ɗaukarta? Me kike ci? Tana yi tana rubutawa. Kowa a ƙasar nan ya sha jin labarin social services, hukumar jin daɗin jama'a, da ɗauke yara. Na ce a raina, wato so take in ce na kasa, su raba ni da 'yata. Don haka duk abin da ta tambaya, amsata lafiya lau.

Da za a sallame ni ta ce kullum da safe in hau sikeli in rubuta nauyina. In na ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku in kira ta, ruwa ne ke taruwa a jikina.

Na tafi Birmingham wankan jego wurin Gwaggo, ƙanwar babana, a unguwar Sparkbrook. Gwaggo ba ta wasa da jego. Ruwan zafi safe da yamma, farfesu, da kunun kanwa kwano guda kullum.

Cikin mako ɗaya fuskata ta ciko. Gwaggo har da guɗa. "Kin gani ko, 'yar nan? Asibiti sun tsotse ki, ga shi kin fara murmurewa." Masu zuwa barka ma sai tubarkalla, wai jego ya karɓe ni.

Sikeli ya nuna ƙarin kilo huɗu. Takalmina ya ƙi shiga. Na gani, na yi gum. In na faɗa a mayar da ni asibiti, Hanifa fa?

Wata Talata da hantsi Helen ta kira, kamar yadda take yi duk mako. Na karanta mata lambobin ƙarya. Sai ta ce in ƙirga mata ɗaya zuwa ashirin ba tsayawa. A bakwai numfashi ya ƙwace min.

"Danna ƙafarki da yatsa," in ji ta. "Wurin ya ciko?"

Bai ciko ba, rami ya bari.

Ta tambayi abin da nake ci, na faɗa mata har kunun. Ta ce kanwa a wurin zuciyata gishiri ce, tana riƙe ruwa.

Sai na fashe da kuka. "In na kwanta asibiti za ku ɗauke min 'ya."

"Shi ya sa kullum kike ce min lafiya lau?" ta ce. "Ina tambaya ne don in san ko kina samun hutu. Ba wanda zai ɗauke ta don uwarta ba ta da lafiya. Ki sa a kira motar asibiti yanzu."

Ita da kanta ta yi magana da asibitin Birmingham. Kafin in isa sun san komai a kaina. Kwana biyar ana yi min allurar fitar da ruwa, Gwaggo na kawo min Hanifa kullum. Na sa ido in ga ko likitan can zai gyara mata aiki. Ya duba magungunan da ta rubuta, bai soke ko ɗaya ba.

Yanzu alhamdu lillahi, ina hawa matakala da goyo. Na gode wa Allah, na gode wa Abban Hanifa da Gwaggo. Helen kuwa ban san da wane baki zan gode mata ba.

'Yan uwana mata, ba kowace ƙiba ce murmurewa ba. In ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya bayan haihuwa, ku je a duba. Ku faɗi abin da kuke sha, ko da na gargajiya ne. Nas ɗin zuciya kuma ta san aikinta. In kuna zargi ku tambaya a fili, kada ku yi mata ƙarya.

Ranar da aka sallame ni daga asibitin Birmingham Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce, "Da hannuna na riƙa dama miki kunun nan, ina murna." Na ce ta daina, ita ba ta sani ba. Ni ce na ga sikeli na rufe bakina.