Launin da Bashir Ya Bar Mini

Ku gafarce ni 'yan'uwa, zan ɗan dame ku.

Lokacin dokar hana fita, ɗana Bashir na soron gidanmu a Mandawari yana haɗa wasan ƙwaƙwalwa a kwamfuta. Allo ne gida-gida, kowane launi da makunninsa, ko a kunne ko a kashe.

Ya ce, "Umma, saura makunni ɗaya, ke za ki zaɓi launinsa."

Na ce, "Bari in tambayi Malam tukuna, kada ya zamo caca."

Ya yi dariya. "Umma, caca ba kuɗi?"

Kafin Malam ya ce ya halatta, bom ɗin kasuwa ya rutsa da Bashir. Allah ya jiƙansa.

Kore nake so. Don Allah wanda ya iya ƙarasa masa ya amsa min da wuri.