Tseren Keken Alhaji Sule

Sanarwa ga jama'a: yau an kayar da ni a tseren keke, alhali ni na fara isa.

Alhaji Sule, dattijon da ke saro takalma a kasuwar Naif, ya ce da ƙuruciya shi ne zakaran keke a filin wasan garinsu. Na ce tatsuniya ce.

Muka yi hayar kekuna. Yalla, mu je! Na sheƙa, na isa ina haki. Da na waiga, sai ga Alhaji yana tahowa kamar hawainiya, ƙafar wando cikin safa.

Da ya iso ya ce mini, "Malam Ɗanboko, a filinmu wanda ya zo ƙarshe bai sauke ƙafa ba, shi ne gwani!"

Na gwada tuƙi a hankali irin nasa, nan take na kife.

Alhaji, na yi kuskure. Jama'a, wa ya san wannan tseren?