Baba Nicholas Ya Jira Shinge

Shekara talatin da ɗaya Baba Nicholas ya yi a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, yana rubuta lokacin da jirgi ya shigo da lokacin da ya tashi. Da ya yi ritaya ya koma Kagoma, sai hannu ya ƙi barin biro. Ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya ci gaba da aikinsa, sai dai yanzu kwaɗi da tururuwa da hadari yake bi. Ranar da mangwaro ya fara fure tana ciki. Ranar da akuyar maƙwabci ta ci masa rogo ma tana ciki, har da ƙarfe nawa. Da gwamnati ta kawo jam'iyyu biyu, ɗaya da hoton doki ɗaya da mikiya, ya rubuta cewa shi bai taɓa ganin ko ɗayansu a gona ba, zai jira jam'iyyar da za ta sa hoton fartanya.

Mutane na yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Matarsa Paulina takan ce da rubutu na cika tukunya, da gidansu ya fi kowane gida ƙiba a Kagoma. Ita citta take nomawa. Irin da ta adana a inuwa tun Disamba shi ne duk abin da ta dogara da shi, in ya lalace a ƙasa shekarar ta tafi ke nan.

A ƙarshen Maris na 1992 aka yi ruwa mai ƙarfi kwana biyu a jere. Nan da nan Zumuntar Mata ta cocinsu ta tsara gayya kamar kullum. Kowace mace da ranarta, a taru a shuka mata citta a rufe da ganye. Dokar kuma ba ta da wasa: wadda ta ɗaga ranarta, ta yi shukarta da hannunta. Paulina ta samu Alhamis.

Ranar Talata da safe Baba Nicholas ya zagaya surin da ke bayan gida, ya duba ƙasa bai ga fiffike ko ɗaya ba. Shinge, garar nan mai fiffike da ke tashi bayan ruwa, bai fita ba. Ya dawo ya baje tsofaffin littattafansa a tabarma. A shekara tara da yake rubutu, sau uku aka yi ruwan farko shinge bai tashi ba, kuma duk sau ukun rana ta biyo baya har sati uku. Ya faɗa wa Paulina ta dakata.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ta ji tsoro. Ta tuna masa dokar zumunta, ta tuna masa ciwon bayansa, ta tambaye shi ko littafin ne zai ɗauko musu ganye daga daji.

"Maman Bridget, ni ban san abin da ke sama ba," in ji shi. "Amma gara a cikin ƙasa take kwana. Ta fi mu sanin ko ruwa ya shiga."

Paulina ta dubi littattafan. Mutumin nan yana da surutu, amma ba ta taɓa kama shi da kwanan wata na ƙarya ba. Ta ɗaura ɗankwali ta tafi wurin Mama Mildred, uwar zumunta, ta ce ta ɗaga ranarta.

"Paulina, ruwan Allah ya zo, ke kina jiran ƙwaro?" in ji Mama Mildred.

Kowa ya shuka ban da su. A kwana na biyar hadari ya haɗu ta gabas, Baba Nicholas ya kasa cin tuwo. Iska ta zo ta watsa hadarin. Daga nan rana ta buɗe kwana ashirin da huɗu, irin mutane ya gasu a ƙarƙashin ganye. Bai yi murna ba ko kaɗan, don ya san matan nan ɗaya bayan ɗaya.

Da ruwa ya dawo a ƙarshen Afirilu, gari ya waye fiffiken shinge ya rufe tsakar gida. Su biyu suka shiga gona. Kwana tara suna yi, shi yana ɗauko ganye yana nishi, ita tana shuka tana yi masa tsiya. A rana ta ƙarshe ya lura kwando biyu na iri suna gefe ba a taɓa su ba, ga kuma sauran fili. Paulina ta ce na Mama Mildred ne, don nata ya ƙone duka, kuma ba za ta iya buɗe baki ta roƙa ba. Ta ɗora ɗaya a kai, ta ce ya ɗauki ɗayan su bi ta bayan gari.

Da suka dawo ya zauna a tabarma ya buɗe littafi ya cire murfin biro. Paulina ta dafa shafin.

"Baban Bridget, wannan kada ka rubuta."

Ya dube ta, ya mayar da murfin biron.