Mai Labule da Mai Sito

Shagona na buga takardu yana jikin nasa, bango ɗaya ne tsakaninmu, shi ya sa na fi sanin ƙarar keken ɗinkinsa fiye da muryarsa. Mai Labule muke ce masa. Shekara ashirin da shida yana ɗinka wa asibitin gwamnati labule da fararen zannuwan gado masu kalmasa biyu a baki. Matarsa ta rasu tun kafin in kama shago, 'yarsa ɗaya tana aure can nesa, sai waya in ta tuna. In ka gaishe shi ya amsa, in ka wuce ma ba ya jin haushi.

Amma ranar Laraba wani mutum ne daban. Zai goge rigarsa, ya ɗaure zannuwa goma a bayan babur, goma kacal, ko da ɗari aka ce ya ɗinka. Na taɓa ce masa, "Baba, ka ɗauki mota ka kai gaba ɗaya mana, ka huta."

Ya ce, "In na huta in yi me, 'yata?"

Daga baya na gane. A asibitin akwai mai sito, tsoho irinsa, da benci da butar shayi. Shi ke ware kowane zane, ya ja kalmasar kamar mai neman rigima, ya ce, "Wannan da ƙafa ka ɗinka shi?" Mai Labule ya ce, "Ji wanda ko maɓalli bai iya sawa ba!" Haka za su yi ta yi har la'asar. Hirar da yake lallaɓawa ke nan har wata Larabar.

Sai aka sauya dokar sayen kayan gwamnati. Aka ce daga yanzu masu sana'a na gida za a fara dubawa kafin manyan kamfanoni, amma sai da rajista da takarda a rufaffiyar ambulan. Kuma an hana mai kawo kaya zama da ma'aikaci, don a toshe ƙofar cuwa-cuwa. Ni na fi kowa rawar ƙafa. Na buga masa takardu, na kora shi ya ɗauki hoto. Ya kuwa ci kwangilar, har da ƙarin asibiti guda. Unguwa ta yi ta taya shi murna, ni ina ta hura hanci kamar ni na yi ɗinkin. Ban karanta shafin ƙarshe da idon basira ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Shafin ya ce a kawo kaya sau ɗaya duk wata shida, a sauke a bakin ƙofa, a karɓi takardar shaida ta taga.

Kaiwar farko ya hango mai sito daga nesa, suka ɗaga wa juna hannu. Ba wanda ya ja kalmasa, wani ya ƙirga ƙullin ya buga hatimi. Duk da haka kowace Laraba sai ya goge rigar, ya zauna a bakin shago yana kallon titi. Ranar nan ba na jin keken ko sau ɗaya.

Kaiwa ta biyu ya dawo da wuri, ya shigo shagona ya miƙo mini takardar. Ya ce, "Wannan ba sa hannun mai sito ba ne. Na tambayi maigadi, wai ya yi ritaya wata huɗu ke nan, ya koma garinsu."

Ya zauna a kujerar masu jira, ya ce, "Buga mini wasiƙa in aika masa."

Na gyara zama, na ce, "To Baba, wane suna zan sa, wane gari?"

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Mai Sito nake ce masa," ya ce. "Kullum yana nan ne, ban taɓa tambaya ba."