Katakon da ya kai Baba Bawku

Tun da ciwon baya ya kama mahaifinmu, zama ya gagare shi. Tsayuwa yana yi, kwanciya yana yi, amma ya ɗora ɗuwawu a kujera sai ka ji ihunsa har kasuwar Salaga. Aka kawo masa keken guragu daga asibiti, ya dube shi sama da ƙasa ya ce a ba kaji su kwana a ciki.

Ana nan ƙanwata ta haihu a Bawku, namiji, jikansa na fari, kuma sunansa za a sa wa yaron. Baba ya rantse sai an yi suna da shi. Ni dai na yi ta faɗa har na gaji. Wace mota ke ɗaukar fasinja a kwance?

Kafintan unguwarmu ne ya raba gardama. Ya yi masa dogon katako mai hannuwa huɗu, muka shimfiɗa katifa, muka ɗora shi bayan motar doya. Inna kuwa, don kada rana ta ƙona mijinta, ta lulluɓe shi da farin mayafi har fuska. Babu wanda ya kawo komai a ransa.

A tashar Yendi muka sauko da shi, mu huɗu, muna neman inuwa. Sai na ga masu talla sun yi tsit. Wata mai koko ta ɗora hannu a ka. Wani dattijo ya matso yana salati, ya ce mini, "Sannu, ɗana, Allah ya jiƙan shi. Ina za ku kai shi?"

Daga ƙarƙashin mayafi Baba ya ce, "Bawku, Malam. Amma a fara ba gawa koko."

Dattijon nan ya ruga da gudu, har takalmi ya bari. Baba ya yi dariya har ciwon bayan ya motsa, ya koma salati shi ma.

Mun isa ana gobe suna. Da safe maza suka zazzauna a tabarmi, shi yana kwance a katakonsa a tsakiyarsu. Da liman ya faɗi sunan, aka kawo jaririn aka kwantar masa a ƙirji. Ya daɗe yana kallonsa, ni kuwa hawaye ya cika mini ido don daɗi.

Ya ce, "Takwara, duk taron nan ni da kai ne ba mu iya zama ba. Yi sauri ka koya, ka zauna mana mu biyu."