Lemun da Aka Dasa a Kan Cibiyata

Jama'a, yau na ga inda aka binne cibiyata!

Kun dai san an ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Gana. Mu ma jibi za mu hau lori zuwa Nijar. Da safe Baba ya ce ya gaji da kallon ƙullin kaya, mu fita shan iska. Muka hau motar haya ta trotro daga Asawase har Kwadaso, zuwa wani tsohon gidan Bature mai lambu da mutane ke zuwa kallo. Inna ta ƙunso mana waakye, wato shinkafa da wake, a ganye.

Mun shimfiɗa tabarma ke nan sai ga mai kula da lambun, wani tsoho ɗan ƙabilar Asante. Ya ƙura wa Inna ido.

"Maame Hawa? Ke ce?"

Inna ta saki ƙunshin abincin! Ashe nan Baba ya yi gadi, a ɗakin baya aka haife ni. Ba wanda ya taɓa gaya mini!

Tsohon ya ce, "Ina jaririyar?"

Inna ta nuna ni, ga ni da nawa goyon a baya. Ya ja hannuna har gindin wata bishiyar lemu.

"Ni na binne cibiyarki a nan, na dasa wannan a kai. Haka muke yi. Taki ce."

Baba ya ce, "Papa, jibi za mu tafi. An ce mu baƙi ne."

Tsohon ya yi tsaki, ya hau tsinkar lemu yana zuba mini a mayafi.

"Ku tafi da 'ya'yan. Uwar tana nan, ina ba ta ruwa har ku dawo."

Wallahi har yanzu na kasa ɓare ko guda.