Dunduniya da Tabarmar Awon Ƙafa

Shagona na buga takardu da kwafi yana jingine da nasa, bango ɗaya ne tsakaninmu, don haka abin da zan faɗa a kan Dunduniya a gabana aka yi shi. Shekara talatin da wani abu yana gyaran takalmi a ƙarƙashin matakalar benen da ke kallon ƙofar asibiti. Sunan ya samo asali ne daga halinsa: in ka gaishe shi, ƙafarka yake fara kallo kafin fuskarka. Yakan manta sunan mutum, amma ba ya manta gefen da dunduniyar takalminsa ke cinyewa.

Yana da wata ɗabi'a da matarsa ta gaji da yi masa faɗa a kai. Duk ƙasan takalmin da ya cire ba ya yarwa. Sai ya rubuta shekarun mai shi da sana'arsa a 'yar takarda, ya manna da gam, ya jefa a buhu. Buhunan suka cika shago, suka bi shi gida.

Abin ya daina zama abin dariya shekarar da aka yanke wa yayansa ƙafa. Yayan yana da ciwon suga, ƙafarsa ta daina jin zafi, sabon takalmi ya goge masa tafin ƙafa bai sani ba, har wurin ya zama gyambo. Dunduniya ya ɗauko takalmin daga asibiti, ya sa hannu ciki, nan take ya taɓo ɗinkin da ya yi ɓarnar. Kwana uku ban ji ƙarar gudumarsa ba. Da ya dawo, sai ya fara shafa wa masu suga tawada a tafin ƙafa, su taka farar takarda, inda ya fi baƙi nan nauyi ya taru, sai ya yanka musu shimfiɗar cikin takalmi mai rami a daidai wurin. Wani lokaci a dace, wani lokaci a'a.

'Yar yayan nasa, wadda kowa ke kira Injiniya, a asibitin take aikin gyaran na'urori. Mace ce mai 'ya'ya biyu, ba ta da yawan magana. Wata rana ta tarar da shi yana goge wa wani dattijo tawada da tsumma, ta ce, “Baffa, wannan aikin ai na'ura za ta iya yi, ta kuma fi tawada faɗin gaskiya.”

“To kawo ta mana,” in ji shi. “Ko sai na yi mata ɗinki?”

Wata huɗu ta yi tana haɗawa a teburin ɗakinta. Tabarmar roba ce, cike da ƙananan na'urori masu jin nauyi kamar maɓallan riga. In ka taka, hoton ƙafarka ya fito a kwamfuta, inda nauyi ya taru ya yi ja. Suka yi rajistar kamfani, su biyu rak. Ni na buga musu takardun, ni kuma na ga sanarwar gwamnati ta tallafin bincike ga ƙananan kamfanonin fasaha: a ba ka wata shida ka gwada ko dabararka tana aiki, in ta yi a ƙara maka shekara biyu. Ba bashi ba ne, amma sai ka gamsar da kwamitin masana.

Karon farko aka ƙi su. Wasiƙar ta ce dabarar tana da kyau, sai dai ba su nuna tambayar da binciken zai amsa ba, ba su kuma kawo hujja ba. Dunduniya ya sa na karanta masa sau biyu.

“Hujja?” ya ce. “Mai kwafi, shekara talatin fa.”

Na ce masa shekaru ba sa shiga fom. Injiniya kuwa tana tsaye tana kallon buhunan da ke bayan ƙofa, sai ta tambaye shi guda nawa ne a ciki. Ya ce bai taɓa ƙirgawa ba. Muka yi mako uku muna zazzage su a tsakar gidansa, matarsa na toshe hanci tana taya mu jerawa. Ƙasan takalmi dubu biyu da ɗari ɗaya, kowanne da takardarsa. Injiniya ta ɗauki hotonsu, ta ware na direbobi, na malaman makaranta, na masu dako. Sannan ta samu babbar nas mai kula da masu gyambo, wadda ta yarda a yi gwajin da marasa lafiyarta arba'in idan asibiti ya amince, ya kuwa amince. Tambayar ta fito fili: shin shimfiɗar da aka yanka da awon tabarmar tana hana gyambo dawowa?

Suka sake neman tallafin, aka kira su ganawa. Na bi su don riƙe kaya, aka bar ni na zauna a bayan ɗaki. Mutum biyar ne a dogon tebur, kowa da robar ruwa a gabansa. Injiniya ta yi bayani, tabarmar ta yi aiki, aka gyaɗa kai. Sai shugabar kwamitin, wata farfesa mai tabarau, ta juya ga Dunduniya.

“Malam, na ga an rubuta ka a matsayin mai bincike. Na'urar nan, 'yarka ce ta ƙera ta. Kai mene ne naka a ciki?”

Na ga gumi a goshinsa. Ya buɗe baki, jawabin da muka yi kwanaki muna bita ya gudu. Can sai ya ce, “Ranki ya daɗe, ko za ki ara mini takalminki na hagu?”

Wani daga gefe ya yi tari don ɓoye dariya. Farfesa ta cire takalmin, aka miƙa masa. Ya juya shi, ya bi ƙasan da babban yatsa, ya sa hannu ciki.

“Kin taɓa karaya a wannan ƙafar, da daɗewa. Tun daga nan kike kare ta, kina jefa nauyi a gefen ƙaramin yatsa. In kin daɗe a tsaye, ba ƙafar ke miki ciwo ba, ƙugu ne, na dama.”

Ta tashi da ƙafa ɗaya babu takalmi, ta zagayo teburin, ta hau tabarmar. Hoton ya fito, ja wur a gefen ƙaramin yatsa. Ta daɗe tana kallo.

“Ina shekara goma sha ɗaya na faɗo daga keke,” in ji ta. “To in kana ganin haka da hannu, me za ka yi da na'ura?”

“Ni ɗaya ne, ranki ya daɗe, idona kuma ya fara gajiya. Ita kuwa ana iya yin ɗari.”

Bayan mako biyar saƙo ya shigo wayar Injiniya da hantsi. Ta tsallako titi da rigar aiki, har mai babur na zaginta, ta tsaya a bakin shago tana miƙo mini wayar. Dunduniya yana riƙe da basilla a baki. Da na karanta cewa an ba su tallafin, ya cire ta, ya soka a jikin benci, ya ce wa mai jiran takalminsa, “Ɗauka, yau kyauta ne.” Mutumin ya ce ai ba a gama ɗinkin ba. Muka yi ta dariya har hawaye, shi kuwa nasa hawayen ba na dariya ba ne kaɗai.

Cikin mutum arba'in ɗin, biyu kacal gyambo ya dawo wa a wata shida. Aka ba su zango na biyu. Yanzu sun kama ɗakuna uku a saman benen, da ma'aikata bakwai, da injin yankan roba da Dunduniya ke yi wa faɗa kamar yana ji. Injiniya ta bar aikin asibiti. Yayan Dunduniya, a keken guragu, shi ke karɓar baƙi a ƙofa, kuma ba ya barin kowa ya wuce sai ya cire takalmi an leƙa ciki.

Makon jiya wata malamar firamare, ɗaya daga cikin arba'in ɗin nan, ta kawo shimfiɗarta a duba. Da ma likita ya ce mata ta haƙura da koyarwa. Dunduniya ya ɗaga robar, ta yi laushi, ta siɗe kamar tsohon sabulu.

“Malama, wannan ta shekara guda ce, kin cinye ta a wata biyar. Ina kike zuwa haka?”

“Aji uku nake ɗauka yanzu,” ta ce, “kuma da ƙafa nake zuwa. Laifinka ne.”

Ya yi ta mita yana neman fensir, ya ce ta hau tabarma a sake awo, wannan karon zai ƙara mata kauri.